Layin da Malam Ina-Ka-Dosa Ya Ƙara

Shekara ashirin da bakwai Malam Ina-Ka-Dosa ya yi yana nuna wa 'ya'yan mutane hanyar neman abinci, kuma a duk tsawon shekarun nan bai taɓa kwana da shakkar aikinsa ba. Abin tausayin ke nan. Da malalaci ne ko mai ha'inci, da labarin ya zo da sauƙi, a zage shi a wuce. To ba haka ba ne. Mutum ne da yake riga masu shara isa makaranta, ba ya kuma barinta sai maigadi ya fara kaɗa masa makullai a bakin ƙofa. Saura wata huɗu ya yi ritaya, ba ya hangen gida, ba ya hangen mota. Abu ɗaya yake so ya tafi da shi: sanin cewa bai ɓatar da ɗan kowa ba.

Ɗalibai ne suka laƙaba masa sunan, ya bi shi har ya danne na ainihi. Duk wanda ya shigo ofishinsa, tun kafin ya gama jan kujera zai ji tambayar: "To, ina ka dosa?" In mace ce a ce, "Ina kika dosa?" Har matarsa, in tsokana ta motsa mata, takan bi shi zuwa bakin ƙofa ta ce, "Malam Ina-Ka-Dosa, yau kuma ina ka dosa da safa wari da wari?"

Ba a banza tambayar ta zauna masa a baki ba. Shi ba wanda ya taɓa yi masa ita. Mahaifinsa mai gyaran agogo ne, mutum mai tsadar magana, wanda ya san ciwon kowane agogo a unguwa amma har ya bar duniya bai san abin da ɗansa yake so ya zama ba. Da Malam ya gama sakandare sai ya shiga faɗi-tashi. Ya koyi ɗinki, ya ɓata wa mutane yadi har maigidan ya roƙe shi da girman Allah ya nemi wata sana'a. Ya sayar da tikiti a tasha. Ya tsare ma'ajiyar siminti har tari ya kore shi. Shekara bakwai cur ya kwashe yana shiga nan yana fita can kafin ya faɗa aikin koyarwa, shi ma don an rasa mai yi ne. Shekarun nan bakwai ba su taɓa barin zuciyarsa ba. Saboda haka ranar da aka nemi malamin da zai je kwas na mako shida a kan ba ɗalibai shawarar sana'a, sauran malamai suka sunkuyar da kai, shi ya ɗaga hannu har yana ture kujera.

Ya dawo daga kwas da akwati ɗaya. A cikinsa akwai damin takardun tambayoyi da kwalaye huɗu masu huji-huji. Kowace takarda tana ɗauke da layi sittin, kowane layi aiki ɗaya ne da ɗan gida a gefensa: gyaran injin da ya tsaya, jera takardu bisa tsari, jinyar mara lafiya, sayar da kaya ga baƙo, haka dai har ƙasa. Ɗalibi zai sa alama a gidan duk aikin da ransa yake so. Sai Malam ya ɗauko kwali ya ɗora a kan takardar, kusurwa da kusurwa. Kwalin yakan rufe rubutun gaba ɗaya, ba abin da ake gani ta hujin sai gidajen alama. Kore na aikin hannu ne da injuna. Shuɗi na aikin ofis. Ja na kula da mutane, wato jinya da koyarwa. Rawaya na kasuwanci. Kwalin da ya fi nuna alamomi, nan yaro ya dosa.

Wanda ya koyar da su a kwas ya ja musu kunne a kan abu ɗaya. Ya ce, "Kada ka karanta amsar yaro. In ka karanta, son zuciyarka zai shiga. Ɗora kwali, ƙirga, faɗi." Malam ya riƙe maganar nan da hannu biyu. Akwai masu riƙon doka don tsoro, akwai masu riƙonta don ƙauna, su ne kuma suka fi wuyar sha'ani. Malam na cikin na biyun. Yakan kifa takarda ma in yaro ya miƙo masa, don kada idonsa ya saci kallo kafin kwali ya hau.

Wani lokaci yaro yakan yi turus ya ce, "Malam, ni fa ba haka nake ji ba." Sai Malam ya yi murmushi, ya ce, "Da kana ganin ƙeyarka da ba ka nemi madubi ba. Kwali ya fi ka sanin kanka." Yana faɗa da taushin murya, da hannu a kafaɗar yaro, kuma ya yarda da abin da yake faɗa har cikin ɓargonsa. Wa zai yi musu da mutum irin wannan? Iyaye ma in sun zo da gardama, da sun ga kwalayen nan a jere da tulin takardu a kabad, sai su sauke murya su tafi suna godiya.

Ofishin ɗan ƙaramin ɗaki ne tsakanin ɗakin karatu da sito. Tebur ɗaya, kujera biyu, taga ɗaya mai kallon tankin ruwa, sai kabad na ƙarfe da ya kai rufi. A cikin kabad ɗin nan kowace shekara tana da daminta, an ɗaure da zare, an rubuta shekarar a jiki da jan biro. Bai taɓa jefar da takardar yaro ko ɗaya ba. Shugabannin makaranta biyar ya gani sun zo sun tafi, kowannensu ya so ya karɓe ɗakin ya mai da shi wurin ajiye tsintsiya, kowannensu kuma ya haƙura.

A shekararsa ta ƙarshe ne ma'aikata ta fito da tsarin duba ingancin ofisoshin shawara. Za a aiko mai bincike kowace makaranta, a ga ko aikin ana yinsa yadda ya kamata, wanda ya ci a ba shi takardar shaida. Takwarorinsa na wasu makarantu suka shiga taitayinsu, wasu suka kwana uku suna cika rajistar da ba su taɓa buɗewa ba. Malam kuwa daɗi ya ji. Ya sa aka yi wa ɗakin fenti, ya sake wa damman takardu sabon zare. Ya gaya wa matarsa cewa ga ranar da ya daɗe yana jira, ranar da wani daga waje zai zo ya duba, ya rubuta da hannunsa cewa an yi aiki.

Mai binciken ta zo ranar Talata da safe. Matashiya ce, ba za ta wuce sa'ar babbar 'yarsa ba, da tabarau da jaka mai nauyi, ba ta da yawan magana. Ta gaishe shi da ladabi, ta ƙi zama a kujerarsa duk da ya matsa, ta ja ta ɗalibai. Ta duba rajista, ta tambayi ko ana jin maganar ɗaki daga waje, ta fita da kanta ta kasa kunne a jikin ƙofa. Ta tambayi sau nawa yake ganawa da iyaye, ya kawo mata littattafai uku. Tana dubawa tana sa alama a takardarta, shi kuma yana satar kallon biron, yana ganin duk inda ya sauka alheri ne.

Wajen ƙarfe sha ɗaya ta ce, "Baba, saura abu ɗaya. A ba ni takardar tambayoyi sabuwa in cika."

Ya yi dariya. "Ke ma ba ki san inda kika dosa ba, 'yata?"

"Haka tsarin yake," in ji ta. "In za a duba mai awo, ba buhunansa ake ƙirgawa ba. Sikelinsa ake ɗora wa dutsen da aka san nauyinsa."

Maganar ta burge shi, har ya ce zai rubuta ta. Ta juya masa baya ta cika takardar, ta miƙo. Ya kifa ta kamar yadda ya saba, ya jera kwalayensa, sannan ya juyo da ita ya ɗora kore. Ba alama ko ɗaya. Ya ɗora shuɗi, sai ga alamomi sun cika huji, goma sha biyar cif. Ja babu, rawaya babu.

"Aikin ofis tsantsa," ya ce yana murna. "Shekara ashirin da bakwai ban taɓa ganin sha biyar a kwali ɗaya ba. Allah ya ajiye ki daidai inda ya dace."

Ba ta yi murmushi ba. Ta cire tabarau ta goge, ta mayar, ta dubi kwalin, ta dube shi. Ta ce, "Baba, ɗaga kwalin ka karanta abin da na zaɓa."

"Ba a karantawa."

"Yau dai a karanta."

Ya ɗaga kwalin. Ya sa yatsa a alamar farko ya bi layin zuwa rubutu. Gyaran injin da ya tsaya. Ya sauka zuwa ta biyu. Haɗa wayar lantarki a sabon gini. Ta uku. Fere katako a yi ƙofa. Ya ci gaba da bi, leɓensa yana motsi ba sauti, har ya kai ta goma sha biyar. Babu aikin ofis ko ɗaya a ciki. Da gangan ta zaɓi aikin hannu kaɗai, kwali kuma ya ce ofis.

Ya ce, "Na ɗora a karkace." Ya sake ɗorawa, kusurwa da kusurwa. Sha biyar ɗin nan suna nan a shuɗi, sun zuba masa ido.

Ta karɓi wata takardar, wannan karon a gabansa, ta zaɓi jinya da koyarwa kaɗai. Aka ɗora kwalaye. Rawaya ya kwashe su duka, ya ce 'yar kasuwa ce. Ta cika ta uku da kasuwanci, kore ya ce ta tafi ta koyi aikin hannu. Malam yana zaune, gumi yana bin bayan kunnensa, ga fanka tana juyawa a kansa. Bakin nan da ya yi shekaru yana tambayar mutane inda suka dosa ya bushe ƙamas.

"Akwai takardun da kuka zo da su daga kwas?" ta tambaya a hankali.

Ya tashi kamar mai ciwon baya, ya taka kujera, ya sauko da damin shekarar farko daga saman kabad. Takardun sun yi ja don tsufa. Ta zaro ɗaya, ta haɗa ta da sabuwa, ta ɗaga su biyu a hasken taga. Ya matso ya duba. Layukan ba su hau kan juna ba. Kowane layi na sabuwar ya sauka ƙasa da taki ɗaya. A can sama, ƙarƙashin sunan ɗalibi, sabuwar tana da wani layi da tsohuwar ba ta da shi: "Sunan mahaifi ko mai riƙo."

Layi ɗaya ke nan. Shi ya turo sauran sittin ƙasa, hujin kowane kwali ya koma kallon gidan maƙwabcinsa.

"Wa ya buga wannan?" in ji ta. "Wataƙila masu ɗab'i ne suka..."

"Ni ne."

Ya tuna ranar sarai, har rigar da ya sa. Takardun kwas sun ƙare bayan shekara takwas, ya tafi da ƙafarsa wurin mai buga takardu a bayan kasuwa. Yana tsaye a kan mutumin sai tunani ya zo masa: me zai hana a ƙara wurin sunan uba, don in an gama da yaro a nemi iyayensa a yi musu bayani? Mai bugun ya ce wuri zai yi kaɗan, sai dai a tura rubutun ƙasa a ci gefen takarda. Malam ya ce a tura. Ya dawo yana jin ya kyauta, shugaban makaranta na lokacin har ya yabe shi a taron malamai, ya ce a yi koyi da shi. Garin neman gira ya rasa ido, kuma bai san ya rasa ba.

"Shekara nawa ke nan?" ta ce.

"Sha tara."

Su biyun suka juya suka dubi kabad. Dami goma sha tara, kowanne da sabon zarensa, kowanne yara wajen ɗari biyu. Ba wanda ya faɗi jimilla a cikinsu. Mai binciken, wadda ta shigo da fuskar aiki, yanzu ta riƙe biro ta kasa rubutu. Ta je makarantu ashirin da ɗaya kafin wannan. Ta ga masu barci a ofis, ta ga masu cika wa yara takarda da kansu. Ba ta taɓa ganin ɗakin da ya kai wannan tsari ba, ba ta kuma taɓa ganin ɓarna mai girman wannan ba.

Ta yi masa bayanin abin da zai biyo baya. Za a dakatar da kwalayen daga yau. Yaran da ke makaranta har yanzu za a sake duba takardunsu, a kira su ɗaya bayan ɗaya. Ta ce a rahotonta za ta iya rubuta "kuskuren bugu," kuma ba ƙarya ta yi ba.

"Rubuta ni na ce a ƙara layin," in ji Malam. "Mai bugun ya tambaye ni. Yaran da suka riga suka fita fa?"

Ta duba takardarta, gaba da baya, kamar za ta samu wani abu da ba ta gani ba ɗazu. Ta ce, "Baba, tsarinmu bai tanadi wannan ba."

Da ta tafi ya rufe ƙofa, abin da bai taɓa yi ba a lokacin aiki. Tun da ta ɗaga takardun nan a taga, suna ɗaya ne yake kai-kawo a kansa. Ya sauko da damin shekara goma sha huɗu da suka wuce, ya kwance zaren, ya dinga ɗagawa har ya zo kan rubutun da ya sani. Babbar 'yarsa ce. A makarantar nan ta yi karatu, a kujerar nan ta zauna tana 'yar shekara sha shida. A layin da ya ƙara ta rubuta sunansa da kyakkyawan rubutu. A gefe kuma ga nasa rubutun da jan biro: "Shuɗi, sha huɗu. Aikin ofis."

A karon farko ya karanta. Gyaran injin da ya tsaya. Haɗa wayar lantarki. Kwance agogo a mayar. Wasu alamomin ta danna biro har ya kusa huda takardar. A cikin ayyukan ofis na gaskiya, guda goma sha biyar, ko ɗaya ba ta zaɓa ba. Yanzu shekararta goma sha ɗaya tana zaune a bayan wata 'yar taga a sashen ajiyar fayil na wata ma'aikata, tana karɓar takarda tana buga hatimi. Shi ya cika mata fom ɗin makarantar koyon aikin ofis, shi ya raka ta har bakin ƙofa.

Ya sa takardar a aljihun gaban rigarsa ya fita tun ba a tashi ba. Titin da yake bi kullum ya zame masa wani abu dabam. Duk fuskar da ta gaishe shi sai ya tsaya lissafin shekarar da ta bi ta ofishinsa. A kwanar layinsu mai walda ya hango shi, ya taso da fara'a yana goge hannu. Tsohon ɗalibinsa ne, yana da rumfa babba da ƙofofin ƙarfe jingine har bakin kwata.

"Malam, yau da wuri? Ku gaida Malam," ya ce da ma'aikatansa. "Shi ya ɗora ni a hanya. Ya ce aikin hannu ne nawa, ga shi kuwa."

Malam ya dube shi. Hannun mai waldan fes yake, ba ƙuna ba tabo. Mutum huɗu ne a durƙushe suna walda, shi kuwa waya biyu ne a hannunsa, ga mai sayen ƙofa yana jiransa su ƙarasa ciniki.

"Kana waldar da kanka kuwa?" Malam ya tambaya.

Ya bushe da dariya. "Rufa mini asiri, Malam. Ni in na kama ƙarfe sai an sake. Amma in mutum ya shigo tambayar hanya ma, sai ya fita da taga."

Ɗan kasuwa ne tun asali, kwali ya aika shi wurin wuta, shi kuma ya lalubo hanyarsa ta bayan gida. Malam ya so wannan ya sanyaya masa rai, bai sanyaya ba. Wannan mai baki ne, ko rijiya aka jefa shi zai fito da ciniki. Masu shiru fa, masu ladabi, waɗanda in babba ya faɗa shi ke nan? Su ne suka fi yawa a kabad ɗinsa, kuma ya san 'yarsa tana cikinsu.

A gida matarsa ta ga ya dawo da rana tsaka, ta ga bai cire takalmi a inda ya saba ba. Ta ajiye abin da take yi. Ya gaya mata komai a tsaye, ya miƙa mata takardar. Ta daɗe tana kallo. Mace ce da ba ta barin magana ta faɗi ƙasa, amma ranar ba ta yi tsokana ba, ba ta kuma yi faɗa ba.

Ta ce, "Kada ka kira ta a waya. Kada ka aike ni. Da ƙafarka ka je ka ƙara layin, da ƙafarka za ka je wurinta."

Sai da ya kwana uku kafin ƙafar ta ɗauke shi. Ranar Juma'a da safe ya isa ma'aikatar. Sashen fayil yana ƙasan bene, ƙarshen wani dogon baranda mai warin tsohuwar takarda. Mutum shida ne a layi gaban tagar. Bai tsallake kowa ba, ya bi layi, yana kallon hannun 'yarsa yana fitowa yana komawa: karɓi, duba, buga hatimi, miƙa. Ba ta ɗaga kai. Da ya iso ta miƙo hannu ba ta duba ba, sai da ta ji shiru sannan ta ɗago.

"Baba? Lafiya? Mama ce?"

"Kowa lafiya. Magana ce da ni."

Ta roƙi abokiyar aikinta ta riƙe mata tagar, ta buɗe masa ƙofar gefe. Ciki kantoci ne na ƙarfe cike da fayil har sama, hanya ɗaya siririya a tsakani. Ta ba shi kujerarta, ita ta zauna a kan wani kwali na takardu, ƙasa da shi, yadda ta saba tun tana yarinya. Ya shirya magana mai tsawo a hanya, duk ta gudu. Ya zaro takardar ya miƙa mata, ya yi bayanin layin da kwalayen cikin 'yan kalmomi, idonsa a ƙasa.

"Lantarki ne naki, da injuna," ya ce. "Sha huɗu cikin sha biyar. Ni na karanta miki ba daidai ba. Na zo ki yafe mini."

Ta riƙe takardar da hannu biyu. Ta bi rubutun yarinyar nan mai shekara sha shida, layi bayan layi. Daga waje ana jin ƙarar hatimin abokiyar aikinta.

"Ai na gaya maka, Baba," ta ce. Muryarta ba ta tashi ba. "A ofis na gaya maka, na sake gaya maka a hanyar gida. Na ce lantarki nake so. Ka dafa kaina ka ce kowa haka yake faɗa."

"Ban tuna ba."

"Na san ba ka tuna ba. Mu da yawa ne."

Ya ce har yanzu lokaci bai ƙure ba, akwai makarantar koyon sana'a ta yamma, shi zai tsaya mata, ga shi zai yi ritaya ya riƙe mata yara. Yana magana da sauri, kamar mai tare ruwa da tafin hannu. Ta bar shi ya gama.

"Ba aikin ne ya fi damuna ba," ta ce. "Aiki aiki ne, ana ci ana sha. Ban kuma taɓa jin haushinka ba. Da haushi na ji da ya fi mini sauƙi, da na ce Baba ya hana ni. Yarda na yi. Na koma gida ranar na ce, ashe ni ko abin da nake so ban sani ba. Tun daga nan, Baba, ko labule zan saya sai na kira Mama ta zaɓa mini. Mijina yana mini dariya, yana cewa ba ni da ra'ayi. In wani abu ya burge ni ƙwarai, sai in ji tsoronsa, in ce wannan ma ƙila ba shi ba ne."

Malam ya zo da shirin a ce ya ɓata mata shekara goma sha huɗu, ya kuma shirya ɗauka. Wannan bai shirya masa ba. Hawaye suka zubo masa a gaban 'yarsa, a tsakanin fayilolin mutanen da bai sani ba, bai ko ɗaga hannu ya share ba.

Abokiyar aikin ta leƙo ta ce layi ya yi tsawo. 'Yar ta miƙe, ta kakkaɓe bayan zanenta. Ya miƙa hannu zai karɓi takardar, don shi a saninsa takardar ɗalibi kabad take komawa. Ba ta sake ta ba.

"Bar mini ita, Baba," ta ce. "Ina so in zauna in karanta abin da yarinyar nan take so. Ni ma ban saurare ta ba."